Injin Gudanar da Manhajojin Jonawa: Matakan Farko ga Mai Sha'awar Ƙirƙirarriyar Basira da Bulokcen

1.0 Gabatarwa

A watan Nuwamba na shekarar 2018 aka gano cewa an cusa wani mugun umarni a cikin wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna event-stream, wadda masu rubuta manhajoji ke saukewa kusan sau miliyan biyu a kowane mako. Wanda ya rubuta ta tun farko ya daina kula da ita, sai ya miƙa ta ga wani baƙo da ya nuna yana so ya taimaka. Baƙon ya fara da 'yan gyare-gyare kamar na mutumin kirki, daga baya sai ya saka umarnin da aka tsara musamman domin satar mabuɗan sirri na masu ajiye kuɗin Bitcoin a asusun Copay. Abin lura shi ne, ita wannan manhaja aikinta bai shafi kuɗi ba ko kusa. To amma da yake an shigar da ita cikin babbar manhaja, sai ta gaji dukkan ikon da babbar take da shi, har da ikon leƙa inda ake ɓoye mabuɗai da ikon aika saƙo waje.

Wannan matsala ce ta sa masana suka dage wajen neman hanyar da za a riƙa cin moriyar aikin wani ba tare da an damƙa masa amanar gida gaba ɗaya ba. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan ɗaya daga cikin hanyoyin da aka samo, wato injin gudanar da manhajojin jonawa, inda za ta ɗauki injin WasmEdge a matsayin misali. Za a kawo ma'ana da tarihi da yadda injin yake aiki, sannan a nuna matakan da ɗalibi zai bi ya gwada da hannunsa, da kuma inda abin ya shafi harshen Hausa.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Tun da yake mu ɗaliban harshe ne, ya kamata mu fara da daidaita kalmomi, domin yawancinsu ba su riga sun zauna da gindinsu a Hausa ba.

Manhajar jonawa ita ce ƙaramar manhajar da ake haɗawa da babba domin ta ƙara mata wani aiki da ba a gina ta da shi ba. An zaɓi kalmar "jonawa" ne saboda Bahaushe ya riga ya saba da jona rediyo ko caja a jikin wuta. Waɗanda suka daɗe suna amfani da intanet za su tuna da Flash, wadda sai an jona ta a jikin burauza kafin a kalli bidiyo a shafuka da dama. An daina tallafa mata a ranar 31 ga Disamba, 2020, kuma yawan ƙofofin da take buɗe wa ɓarayin intanet yana cikin dalilan.

Injin gudanarwa kuwa manhaja ce wadda aikinta shi ne ta karɓi wata manhajar, ta karanta umarninta, ta zartar, sannan ta tsare iyakar abin da za ta iya taɓawa. Ba inji ne na ƙarfe ba.

Ƙirƙirarriyar basira suna ne da kafafen yaɗa labarai na Hausa suka yayata ga fasahar da ke sa kwamfuta ta yi ayyukan da a da sai mai hankali, kamar fassara da gane murya da amsa tambaya. Shi kuma bulokcen kundi ne na lissafi da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa a lokaci guda, wanda ake ƙulla kowane shafinsa da na bayansa ta yadda ba za a iya goge abin da aka rubuta a ɓoye ba. A kansa aka gina Bitcoin a 2009 da Ethereum a 2015.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Tushen wannan fasaha shi ne wani tsarin umarni da ake kira WebAssembly, ko Wasm a taƙaice. An sanar da aikinsa a 2015, lokacin da injiniyoyin Mozilla da Google da Microsoft da Apple suka haɗa kai. Zuwa ƙarshen 2017 manyan burauza guda huɗu, wato Firefox da Chrome da Safari da Edge, duk sun iya gudanar da shi. A watan Disamba na 2019 ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da shi a matsayin ƙa'ida.

Da farko an yi shi ne domin manyan manhajoji, irin su wasanni da na zane, su yi gudu a cikin burauza. Sai masana suka lura cewa siffofin da suka sa ya dace da burauza, wato sauri da tsaro da rashin zaɓen nau'in kwamfuta, ana bukatarsu a wajen burauza ma. Saboda haka a watan Maris na 2019 Mozilla ta gabatar da WASI, ƙa'idar da ke fayyace yadda manhajar Wasm za ta nemi fayil ko agogo daga kwamfuta. A watan Nuwamba na wannan shekarar Mozilla da Fastly da Intel da Red Hat suka kafa ƙawancen Bytecode Alliance, wanda ke kula da injin Wasmtime.

Shi WasmEdge kamfanin Second State ne ya fara shi da sunan SSVM, an kuma rubuta shi da yaren C++. A 2021 ya shiga ƙarƙashin gidauniyar CNCF, wadda reshe ce ta gidauniyar Linux. A watan Oktoba na 2022 kamfanin Docker ya fitar da gwajin gudanar da Wasm, kuma da WasmEdge ya yi gwajin. Kyauta ne, kowa yana iya saukewa ya karanta yadda aka rubuta shi.

4.0 Yadda Injin Yake Aiki

Za a fi gane tsarin idan aka dubi gidan Bahaushe. Baƙo idan ya zo, a zaure ake sauke shi. Yana iya zama ya yi abin da ya kawo shi, amma ba zai wuce cikin gida ba. In yana son ruwa sai ya tambaya, maigida ya ga dama ya aiko masa. Injin gudanarwa shi ne maigida, manhajar jonawa ita ce baƙuwa, zauren kuma shi ne killataccen wurin da aka ware mata a ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Abubuwa uku ne ke tabbatar da wannan killacewa. Na farko, kowace manhajar Wasm tana da nata yankin ƙwaƙwalwa, wanda ake aunawa da shafi-shafi, kowane shafi bayit 65,536. Idan ta yi yunƙurin karanta abin da ke wajen yankinta, injin zai tsayar da ita nan take. Na biyu, ba ta da hanyar magana da kwamfuta kai tsaye. Duk aikin da take bukata daga waje, kamar buɗe fayil ko aika saƙo, dole ta rubuta shi a cikin jerin bukatunta tun a farkon fayil ɗin, kuma in maigida bai bayar ba, ba za ta samu ba. Na uku, kafin injin ya fara gudanar da ita sai ya tantance umarninta gaba ɗaya, ya tabbatar sun bi ƙa'ida.

Da a ce umarnin da aka cusa a event-stream ya sami kansa a irin wannan zaure, ba tare da an ba shi ikon shiga intanet ba, da ko ya ga mabuɗan ba shi da ƙofar fitar da su. Wannan shi ne ginshiƙin tsarin: ba a ba manhaja iko sai gwargwadon aikinta.

Wata fa'idar kuma ita ce, ana iya rubuta manhajar da yarukan kwamfuta daban-daban, kamar C da C++ da Rust da Go, sannan a juya ta zuwa Wasm. Fayil ɗaya da aka juya zai yi aiki a Linux da Windows da macOS ba tare da an sake komai ba. Shi ya sa wasan tuƙin jirgin sama na Microsoft Flight Simulator, wanda ya fito a 2020, ya zaɓi Wasm domin ƙare-ƙaren da mutanen waje ke rubuta masa.

5.0 Matakan Farawa

Ba a bukatar babbar kwamfuta domin gwajin farko. Matakai biyar ne.

Mataki na ɗaya: a sauke WasmEdge daga shafin aikin, a bi bayanin girkawa na irin kwamfutar da ake da ita. A buɗe allon rubuta umarni a rubuta:

wasmedge --version

Idan lamba ta fito, girkawa ta yi kyau.

Mataki na biyu: a girka yaren Rust ta hanyar manhajar rustup, sannan a ƙara masa ikon juyawa zuwa Wasm:

rustup target add wasm32-wasip1

A kula, tsofaffin littattafai suna rubuta wasm32-wasi. An sauya sunan a 2024, an kuma cire tsohon a farkon 2025.

Mataki na uku: a buɗe sabon aiki da umarnin cargo new harufa, sannan a shiga fayil ɗin main.rs a rubuta:

fn main() {
    let kalma = "ƙasa";
    println!("{} {}", kalma.chars().count(), kalma.len());
}

Mataki na huɗu: a juya shi zuwa Wasm:

cargo build --target wasm32-wasip1 --release

Mataki na biyar: a miƙa wa injin:

wasmedge target/wasm32-wasip1/release/harufa.wasm

Amsar da za ta fito ita ce 4 da 5. Wato kalmar "ƙasa" harufa huɗu ce, amma ta cinye bayit biyar. Dalili kuwa shi ne, a tsarin UTF-8 harufan Ingilishi kowanne bayit ɗaya yake ci, amma harufanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kowannensu bayit biyu ne.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai aiki da Hausa. Asalin Wasm lambobi kawai ya sani, bai san kalma ba. Idan maigida zai miƙa wa manhajar jonawa jimla, sai ya zuba ta a yankin ƙwaƙwalwarta, ya gaya mata lambobi biyu: inda jimlar ta fara, da kuma tsawonta. In mai rubuta manhajar ya ƙirga harufa a maimakon bayit, sai ƙarshen jimlar ya gutsure. In kuma yankan ya faɗa a tsakiyar harafi mai lanƙwasa, sai wata baƙuwar alama ta fito a madadinsa. Wasu masu rubuta manhaja sukan guje wa wahalar ta hanyar share lanƙwasar baki ɗaya, sai "ƙura" ta koma "kura", "ƙafa" ta koma "kafa", "ɓata" ta koma "bata". Sigar WASI 0.2, wadda ta fito a watan Janairu na 2024, ta zo da tsarin da ya san kalma a matsayin kalma, abin da ya rage wannan aiki. Duk da haka wajibi ne a gwada kowace manhaja da harufan Hausa kafin a amince da ita.

Domin ganin shingen da ido, sai a gyara manhajar ta karanta wani fayil na rubutu, a sake gudanar da ita. Za ta kasa, ko da kuwa fayil ɗin yana nan kusa da ita. Ba za ta gan shi ba sai an buɗe mata ƙofa da kalmar izini:

wasmedge --dir .:. harufa.wasm

Ma'anar wannan ita ce an yarje mata ta ga babban fayil ɗin da ake ciki kaɗai, ban da sauran kwamfutar.

6.0 Ɓangaren Ƙirƙirarriyar Basira

Samfuran harshe, irin waɗanda ke amsa tambaya da fassara, lissafinsu yana da nauyi ƙwarai, kuma sun fi gudu a kan na'urar zane ta kwamfuta, wadda manhajar da ke zaure ba ta da ikon taɓawa. Mafitar da aka samo ita ce wata ƙa'ida mai suna WASI-NN. Manhajar Wasm takan shirya tambayar, ta miƙa wa maigida, shi kuma ya yi babban lissafin da kayan aikinsa, ya dawo mata da amsa. WasmEdge yana da ƙare-ƙaren da ke haɗa shi da manhajojin lissafi irin su PyTorch da OpenVINO da TensorFlow Lite da llama.cpp, wadda Georgi Gerganov ya fara a 2023.

Mai son gwadawa zai girka injin tare da ƙarin wasi_nn-ggml, ya sauke samfuri a tsarin fayil na GGUF, sannan ya nuna wa injin inda yake da kalmar --nn-preload. Samfuri mai ma'auni biliyan bakwai, idan aka matse shi, yakan kai kimanin gigabayit huɗu, don haka sai a tanadi data da wurin ajiya, ko kuma a fara da ƙarami. Da zarar an sauke shi, yana aiki ba tare da intanet ba, kuma abin da mutum ya rubuta ba ya barin kwamfutarsa. Wannan yana da amfani ga mai nazarin da ya tattaro hirarraki daga bakin mutane, ya kuma yi musu alkawarin sirri.

A nan akwai wani bambanci da masu farawa kan manta. Ƙare-ƙaren da ake girka wa shi kansa injin, irin su wasi_nn-ggml, ba a zaure suke ba. 'Yan gida ne, suna da duk ikon da maigida yake da shi. Manhajar Wasm ce kaɗai baƙuwa. Saboda haka mutum yana iya gwada fayil ɗin Wasm na wanda bai sani ba da ɗan kwanciyar hankali, amma kada ya girka wa injinsa ƙari sai daga tushen da ya amince da shi.

7.0 Ɓangaren Bulokcen

A kan bulokcen ana ajiye wasu manhajoji da ake kira yarjejeniya mai zartar da kanta. Misali, a rubuta cewa idan kuɗi kaza suka shigo, a tura wa wane kaso kaza. Kowa yana iya rubuta irin wannan ya ɗora, kuma dubban kwamfutoci ne za su gudanar da ita. Ke nan ita ma manhajar jonawa ce, daga baƙon da ba a sani ba, ga kuma dukiyar jama'a a kusa. Ethereum tana da nata injin mai suna EVM, amma wasu sun zaɓi Wasm. NEAR da Polkadot, waɗanda suka fara aiki a 2020, suna cikinsu, haka ma Internet Computer a 2021, da tsarin CosmWasm na dangin Cosmos. A 2024 Stellar da Arbitrum su ma suka buɗe ƙofar yarjejeniyoyin Wasm. Polkadot ma ta wuce nan, domin an gina ta ne ta yadda dokokin gudanar da ita kansu fayil ne na Wasm da ke ajiye a cikin kundin, wanda ake iya sauyawa ta hanyar ƙuri'a.

Bulokcen yana ɗora wa inji sharuɗɗa biyu. Na farko, dole kowace kwamfuta ta fitar da amsa iri ɗaya, domin in biyu suka saɓa, kundin ya rabu. Shi ya sa ba a barin yarjejeniya ta duba agogon kwamfuta ko ta leƙa intanet, ana kuma taka-tsantsan da lissafin lambobi masu ɗigo. Na biyu, dole aiki ya ƙare. Tun a 1936 Alan Turing ya nuna cewa babu wata hanya guda da za a iya duba kowace manhaja a san ko za ta tsaya ko za ta yi ta juyi har abada. Maganin da aka samo shi ne a sa wa kowane umarni farashi, wanda ake kira gas. Mai aika aiki zai biya, in gas ya ƙare injin ya kashe aikin. A Ethereum, aika kuɗi daga asusu zuwa asusu gas 21,000 yake ci. WasmEdge ma yana da kalmar --gas-limit, wadda ɗalibi zai iya gwadawa a kan manhajarsa.

Waɗannan sharuɗɗa ne suka sa ba kasafai ake gudanar da manyan samfuran basira a cikin bulokcen ba. Lissafin yana da tsada, kuma na'urori daban-daban kan ba da amsoshi masu ɗan bambanci. Abin da aka fi yi shi ne samfurin ya yi aikinsa a waje, sakamakon kawai a shigar cikin kundi.

8.0 Abin da Shinge Ba Ya Karewa

Killacewa tana hana baƙo shiga ɗakin da ba a buɗe masa ba, amma ba ta gyara kuskuren da ke cikin dokar gidan. A watan Yuni na 2016 wani ya yi amfani da kuskuren da ke cikin yarjejeniyar The DAO, a kan Ethereum, ya janye kimanin Ether miliyan 3.6. Injin bai yi laifi ba, abin da aka rubuta ya zartar. Rikicin da ya biyo baya shi ya raba kundin gida biyu, aka sami Ethereum da Ethereum Classic.

Haɗa basira da asusun kuɗi ya kawo wani sabon haɗari, wanda ya shafi harshe kai tsaye. A watan Nuwamba na 2024 aka shirya wata gasa inda aka ba wani wakilin basira mai suna Freysa riƙon asusu, aka umarce shi da kada ya saki kuɗin ko ta halin ƙaƙa. Bayan ɗaruruwan yunƙuri, wani ya rubuta saƙon da ya juya masa ma'anar umarnin, ya saki kusan dala 47,000. Ba a fasa wani shinge ba, da baki aka ci shi. Masu iya magana sun ce baki shi ke yanka wuya. Darasin shi ne, iyakar kuɗin da wakili zai iya aikawa, da sunayen waɗanda zai iya aika wa, a rubuta su a cikin dokar maigida, kada a bar su a matsayin nasiha ga samfurin.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta yi bayanin injin gudanar da manhajojin jonawa, da yadda yake killace aikin baƙo, da matakan gwada WasmEdge, da kuma matsayinsa a fannonin ƙirƙirarriyar basira da bulokcen. Ɗalibin harshe yana da abin yi a wannan fage. Ana iya farawa da 'yar manhajar da za ta riƙa mayar da 'y na rubutun Nijeriya zuwa ƴ na rubutun Nijar, ko wadda za ta ƙirga kalmomin wani matani ba tare da ta raba "'ya'ya" gida biyu ba, ko wadda za ta jera kalmomi bisa tsarin abacadar Hausa, inda ƙ ke bin k, ɗ ke bin d. Duk wadda aka juya zuwa Wasm, za a iya jona ta a shafin ƙamus ko a manhajar fassara ba tare da an sake rubuta ta ba. Injiniya ya san bayit, amma wanda ya karanci ƙa'idojin rubutun Hausa ne zai gane lokacin da manhaja ta mayar da ƙura kura. Muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai da su nemi abokai a sashen kimiyyar kwamfuta, a zauna tare a gwada matakai biyar ɗin nan. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.